Hefarin: Tarihin Sarƙar Sukarin Da Ke Hana Jini Daskarewa

 A wannan makon za mu leƙa tarihin kimiyya, fannin da ba kasafai muke taɓa shi da Hausa ba. Batunmu wani magani ne da ake kira hefarin, da mutanen da suka shafe shekara fiye da 60 suna neman sanin ko mene ne shi.

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya wankin ƙoda ya ga yadda jini ke fita daga jiki, ya bi ta cikin robobi, ya shiga na'ura, sannan ya komo. Jinin ɗan Adam kuwa, da zarar ya bar jijiya ya taɓa baƙon abu, cikin 'yan mintoci sai ya daskare. Abin da ke hana shi daskarewa a cikin robobin nan, a mafi yawan lokuta, hefarin ne. Da shi ake yin tiyatar zuciya, da shi ake hana gudan jini taruwa a ƙafar wanda ya daɗe a kwance, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka, likitoci sun yi kusan shekara 40 suna yi wa mutane allurarsa kafin a gano wane ɓangare nasa ne yake yin aikin. Tazarar da ke tsakanin sanin cewa magani yana aiki da sanin abin da ke aiki a cikinsa, ita ce labarinmu. A shekarar 2008 an ga abin da wannan tazara ke iya jawowa.

Hantar kare a Baltimore

A shekarar 1916, a Jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore na Amurka, akwai wani ɗalibin likitanci mai suna Jay McLean da ke aiki ƙarƙashin Farfesa William Henry Howell. Aikin da aka ba shi shi ne nazarin sinadaran da ke sa jini ya daskare. Yana cikin tace hantar kare sai ya ci karo da akasin abin da aka aike shi nema, wato wani abu da ke hana jinin daskarewa. Bayan shekara 2, a 1918, Howell da wani ɗalibinsa, Emmett Holt, suka raɗa wa abin suna daga kalmar Girkanci "hepar", wadda ke nufin hanta.

A nan akwai wata taƙaddama da ya kamata mu sani. Abin da McLean ya samu yana narkewa ne a cikin mai, kamar dangin kitse. Wanda Howell ya tace a shekarun 1920 kuwa a ruwa yake narkewa, kuma shi ne ya fi kama da hefarin da muka sani a yau. McLean ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar a san shi ne ya gano maganin, har ya rasu a 1957. Masana tarihin likitanci da yawa suna ganin abin da ya tace da abin da ake yi wa mutane allura yanzu ba abu ɗaya ba ne. Don haka idan mun ga littafi ya ce wane ne ya gano hefarin, ya yi shiru, mu san an taƙaita labari.

Toronto da Stockholm

Hefarin na farko ba ya amfanuwa ga mutum. Yana da tsada, cike yake da datti, kuma yana sa zazzaɓi da ciwon kai. Wanda ya ɗauki nauyin tsabtace shi shi ne Charles Best na Jami'ar Toronto a Kanada, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin a 1921. A ɗakunan bincike na Connaught, masana sinadarai biyu, Arthur Charles da David Scott, suka fitar da hanyar tace shi da yawa a 1933. Sun fara da hantar shanu, daga baya suka koma huhu, wanda ya fi araha. Aikin ba na mai ƙyanƙyami ba ne, domin sai an bar naman ya fara ruɓewa kafin a tace. Wani likitan tiyata, Gordon Murray, ya gwada shi a kan karnuka, a 1935 aka fara gwada shi a kan mutane, zuwa 1937 aka samu tsarkakakken da za a iya bai wa mara lafiya hankali kwance.

A daidai wannan lokaci, a Cibiyar Karolinska ta birnin Stockholm a Suwidin, Erik Jorpes yana tambayar da me aka gina abin. A 1935 ya nuna cewa hefarin dangin sukari ne mai ɗauke da salfet mai yawan gaske. Abokin aikinsa, likitan tiyata Clarence Crafoord, ya fara amfani da shi don hana gudan jini bayan tiyata.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. Masu gwajin wankin ƙoda na farko sun dogara ne da wani sinadari daga bakin matsattsaku, wanda bai da tabbas. Da hefarin ne Willem Kolff ya yi aiki da na'urarsa ta wankin ƙoda a Holan daga 1943. Da shi kuma John Gibbon ya yi nasarar tiyatar zuciya a 1953, inda na'ura ta karɓi aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci.

Wace irin sarƙa ce?

Idan mun ce sukari, kada mu tuna da na shayi kawai. A wajen masana sinadarai, sukari babban dangi ne, kuma ana iya jera su ɗaya bayan ɗaya kamar tsakiya a zare. Hefarin zare ne da aka jera da sukari iri biyu, wannan ya biyo wancan, wancan ya biyo wannan. A matsakaici, sarƙa ɗaya tana da sukari 40 zuwa 50. A jikin kowane sukari akwai gurabe da za a iya maƙala salfet, wanda ƙunshi ne na farar wuta da iskar oksijin. Kowane salfet yana ɗauke da cajin lantarki irin na kan batir mai alamar ragewa. Saboda yawansu, ba a san wani sinadarin jikin halitta da ya kai hefarin cunkoson wannan caji ba.

Wahalar ita ce sarƙoƙin ba iri ɗaya ba ne. Furotin yana da tsari a rubuce cikin ƙwayoyin gado, shi ya sa duk insulin da jikin mutum ya ƙera kamarsu ɗaya. Sarƙar sukari ba ta da irin wannan rubutaccen tsari. A kwalba ɗaya ta hefarin akwai dogaye da gajeru, masu salfet a nan da masu salfet a can. Don haka masana da yawa suka ɗauka cewa caji ne kawai sirrin: sarƙa mai caji tana manne wa furotin mai kishiyar caji, kamar yadda maganaɗisu ke jan ƙusa, ba ruwanta da tsari.

An kuma gano cewa hefarin ba ya aiki shi kaɗai. A 1939 Kenneth Brinkhous da abokansa a Amurka suka nuna cewa sai da wani abokin aiki da ke cikin ruwan jini. A 1968 Ulrich Abildgaard na ƙasar Nowe ya tace wannan abokin aiki, furotin ne da ake kira antitorombin. Aikinsa shi ne kama torombin, sinadarin da ke saƙa zaren da gudan jini ke ginuwa a kai. A 1973 Robert Rosenberg da Paul Damus a birnin Boston suka bayyana yadda abin yake: antitorombin ɗan sanda ne mai sanyin jiki, amma idan hefarin ya manne masa sai saurinsa ya ninka kusan sau 1,000.

Mutumin Uppsala

A nan ne Ulf Lindahl ya shigo labarin, masanin sinadaran jikin halitta a birnin Uppsala na Suwidin. Tun a shekarun 1960, tare da Lennart Rodén, ya gano yadda sarƙar hefarin ke ɗaure a jikin furotin lokacin da jiki ke ƙera ta. Daga nan ya koma kan tambayar yadda ake ƙera sarƙar kanta. Da yake wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne da ake kira ƙwayoyin mast suke ƙera hefarin, sai shi da ɗalibansa suka yi amfani da ƙarin waɗannan ƙwayoyi da ke fitowa a jikin ɓera. Suka nuna cewa jiki yana fara jera sarƙar ne ba ado, sannan wasu inzayim, wato furotin masu gudanar da ayyukan sinadarai, su biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya cire wani abu, wancan ya sa salfet, wani ya juya siffar sukari. Ba kowane inzayim ne yake gama aikinsa a kowane gurbi ba, kuma daga nan bambancin sarƙoƙi yake fitowa.

A 1976 aka yi gwajin da ya sauya komai. Ƙungiyoyi uku ne suka yi shi, kowace da kanta: ta Lindahl a Uppsala, ta Rosenberg a Boston, da ta Lars-Olov Andersson a Stockholm. A Uppsala, sun kafe antitorombin a jikin wasu ƙananan ƙwayoyi, suka cika bututu da su, suka zuba hefarin ta sama kamar mai tace koko. Mafi yawan sarƙoƙin ruwan gishiri kaɗan ya wanke su. Amma kusan kashi 1 cikin 3 suka manne gam, sai da ruwan gishiri mai ƙarfi suka saki. Da aka gwada, sai aka ga kusan duk ƙarfin hana daskarewar jini yana cikin wannan kashi ɗayan. Sauran kashi 2, duk da suna da caji mai yawa, aikinsu kaɗan ne ƙwarai.

Ma'anar wannan a fili take. Da caji ne kawai sirrin, da duk sarƙoƙin sun yi aiki. Ashe akwai wani tsari na musamman da wasu ke da shi, wasu ba su da shi. Sai neman tsarin ya zama tsere. Ƙungiyar Lindahl ta riƙa daddatsa sarƙoƙin tana zaɓen mafi gajarta da har yanzu ke manne wa antitorombin, har suka kai ga guntu mai sukari 8. A cikinsa akwai wani sukari da ya ƙi bayyana kansa. Mabuɗin ya zo daga inda ba a zata ba. Wani masani a Amurka, Irwin Leder, ya tace wani inzayim daga fitsarin ɗan Adam, wanda ke cire salfet daga gurbi na 3 kaɗai na irin wannan sukari. Da aka zuba shi a kan guntun, sai salfet ya fita. A 1980 Lindahl da Gudrun Bäckström da Lennart Thunberg da Leder suka wallafa sakamakon: akwai salfet a gurbi na 3, abin da ba a cika samu a sauran sassan sarƙar ba.

Aikin Benito Casu a Milan ta Italiya da na Jean Choay a birnin Faris ya taimaka wajen kammala hoton. Sirrin duka sukari 5 ne a jere, da salfet a gurabe sanannu, kuma wancan na gurbi na 3 yana kan sukarin tsakiya. Idan aka cire shi, kusan duk ƙarfin mannewar ya zube. Mu da muke rubutu da Hausa mun san irin wannan. Tsakanin "kafa" da "ƙafa" lanƙwasa ɗaya ce, tsakanin "rama" da "mara" jerin haruffa ne kawai ya sauya.

A 1983 Choay da Maurice Petitou da Pierre Sinaÿ suka ƙera waɗannan sukari 5 a ɗakin bincike, ba tare da taɓa dabba ba, kuma suka yi aiki. Daga wannan aka samu maganin fondaparinux, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001, ko da yake ƙera shi na buƙatar matakai fiye da 50. An kuma gane cewa kafin sarƙa ta taimaka a kama torombin sai ta kai tsawon sukari 18, domin dole ta riƙe antitorombin da torombin a lokaci guda. Gajerun kuwa suna taimakawa ne a kama wani sinadarin da ke gaba da torombin a jerin daskarewar jini. Wannan sani shi ne tushen gajeren hefarin da ake yi wa allura a ƙarƙashin fata a yau.

Bayan jini

Wani abin mamaki ya biyo baya. A 1999 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Uppsala ɗaya a Boston, suka samar da ɓeraye da ba sa iya ƙera cikakken hefarin. Ɓerayen suka rayu, jininsu bai dame su ba, ƙwayoyin mast ɗinsu ne suka lalace. Wato aikin da muke sa hefarin a asibiti ba shi ne babban aikinsa a jiki ba.

Amma yana da ɗan'uwa, hefaran salfet, wanda Jorpes da Sven Gardell suka fara bayyanawa a 1948. Shi wannan yana lulluɓe da fuskar kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu, kuma ɗaruruwan furotin suna manne masa. A 1991 ƙungiyoyi biyu a Amurka suka nuna cewa wani furotin da ke umartar ƙwayoyin halitta su hayayyafa ba ya iya isar da saƙonsa sai da taimakon wannan sarƙa. Ƙwayoyin cuta ma sun san da ita, da yawa daga cikinsu a nan suke fara kamawa kafin su shiga.

Akwai misali ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. An daɗe da lura cewa zazzaɓin cizon sauro ya fi illa ga mai cikin fari. A 1996 Michal Fried da Patrick Duffy, suna aiki a ƙasar Kenya, suka gano cewa jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna manne wa wata sarƙar sukari mai salfet da ke cikin mabiyiya, ana kiranta kondiroyitin salfet. A can suke taruwa, su jawo wa uwa ƙarancin jini, jariri kuma ya zo da ƙarancin nauyi. A 2003 Ali Salanti da abokansa a birnin Kofenhegen na Denmak suka gano furotin ɗin da cutar ke amfani da shi wajen mannewar. Macen da ta yi ciki sau biyu ko uku jikinta kan samu garkuwar da ke hana wannan mannewa, mai cikin fari kuwa ba ta riga ta samu ba. A kan wannan sani ake gwajin rigakafi na musamman don masu juna biyu.

Sai dai kada mu ɗauka kowane furotin yana da nasa jeri na musamman kamar antitorombin. Lindahl da abokan aikinsa da kansu sun ja hankali a 2006 cewa furotin da yawa ba su da tsananin zaɓe irin wannan, yawan salfet da yadda aka rarraba shi a sarƙa ya ishe su. Har yanzu masana suna muhawara a kan inda iyakar take.

Shekarar 2008

A yau mafi yawan hefarin daga hanjin alade ake tace shi, kuma kaso mafi girma daga ƙasar Sin yake fitowa. A 2006 da 2007 wata annoba ta kashe aladu masu yawa a can, ɗanyen hefarin ya yi tsada. Daga ƙarshen 2007 sai masu wankin ƙoda a Amurka suka fara faɗuwa cikin mintoci bayan allura, hawan jininsu ya zube, numfashi ya yi wuya. A farkon 2008 kamfanin Baxter ya janye hefarin ɗinsa daga kasuwa. Zuwa watan Afrilu, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce ta samu rahoton mutuwar mutum 81 masu irin waɗannan alamu, kuma an samu gurɓataccen maganin a ƙasashe fiye da 10.

Abin tambaya shi ne yadda ya tsallake gwaji. Gwajin da ake yi a lokacin ya fi karkata ga tambaya ɗaya: shin yana hana jini daskarewa? Abin da aka cuɗa a ciki kondiroyitin ne, wanda ake samu da araha daga guringuntsin dabbobi, aka loda masa salfet fiye da kima har ya riƙa kwaikwayon hefarin a cikin kwalbar gwaji. Amma kama da wane ba ta wane. A jikin mutum sai ya tayar da wasu furotin dabam, waɗanda ke buɗe jijiyoyi su zubar da hawan jini.

Waɗanda suka kama shi su ne masu karanta sarƙa: Marco Guerrini na Cibiyar Ronzoni a Milan, inda Casu ya yi aikinsa, da Ram Sasisekharan da Robert Linhardt a Amurka, tare da wasu. Sun yi amfani da na'urar maganaɗisu da ke nuna inda kowane salfet yake zaune, irin wadda aka yi amfani da ita wajen warware sukari 5 ɗin nan. Cikin makonni suka bayyana siffar baƙon, suka wallafa a watan Afrilun 2008. Daga nan aka sauya ƙa'idar gwaji, ya zama dole a duba tsarin sarƙar kanta kafin magani ya shiga kasuwa. Binciken da a 1976 za a iya cewa na masu son sani ne kawai, bayan shekara 32 shi ne ya raba magani da guba.

Matsalar tushe ba ta ƙare ba. Amurka da Turai sun bar hefarin na shanu a shekarun 1990 saboda tsoron cutar haukan shanu, ko da yake ƙasashe irin su Barazil da Ajantina suna amfani da shi. A 2018 wata annobar aladu ta sake afka wa ƙasar Sin, aka sake shiga fargabar ƙarancin maganin. Ga al'ummomin da ba sa cin alade, kamar Musulmi da Yahudawa, asalin maganin ma abin tattaunawa ne. Shi ya sa ake neman hanyar ƙera shi ba da dabba ba. A 2011 Jian Liu da Linhardt suka nuna cewa za a iya ƙera gajeren hefarin cikin matakai 10 zuwa 12 ta hanyar amfani da inzayim, wato irin waɗanda Lindahl da ɗalibansa suka bi sawunsu a ƙarin ɓera. Cikakken hefarin mai tsawo da ake buƙata a wankin ƙoda da tiyatar zuciya kuwa, har yau daga mayanka yake fitowa.

A nan za mu dakata.